Kafaɗar Hagu ta Christina

Ni ɗan kasuwar doya ne, sunana Manniru. Daga Zariya na taho Abuja a shekarun da farar hula suka karɓi mulki, lokacin da otal-otal ke tsirowa a cikin birni kamar ciyawar damina. Kowane otal yana son sakwara, sakwara tana son doya, ni kuwa na san inda doya take: ƙauyukan Kwali. A can na san Christina.

A sana'armu ƙwarya ɗaya doya ɗari ce. Ranar kasuwa nakan sayi ƙwarya goma ko sha biyu, kuma mota ba ta shiga har inda manoma ke zube kaya, sai an yi dako zuwa bakin titi. Shi ya sa nake sa wa 'yan dako ido fiye da doyar kanta. Ƙato mai ji da kansa yakan ɗauki manya takwas. Wanda ya ci ya ƙoshi, goma. Christina sha huɗu take ɗauka. Da kaina na ƙirga, na ce ko idona ne, na sake ƙirgawa a sawu na gaba, sha huɗun ne dai.

Kuma ba a ka take ɗauka ba. Matan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke ce wa Gwarawa, ba sa ɗora kaya a ka. A wurinsu kai shi ne babba a jiki, shi ke tunani, ba a wulaƙanta shi da lodi. Sai su jera kayan a daro, su aza a kafaɗa kusa da ƙeya, su karkata wuya, su tallafe da hannu ɗaya. Tun tana 'yar shekara bakwai Christina take bin uwarta Magdalena daji, su dawo da itace, kowacce a kafaɗar dama. Ubanta ya rasu tana aji biyu a sakandare. Da wannan kafaɗar ta ƙarasa karatun, har ta karɓo sakamako mai kyau.

Wata rana tana sauke daro na ce, “Christina, ko dai in sa miki tayoyi ne in sallami direba?”

Ta goge gumi da gefen zaninta. “Oga, ka riƙe direbanka. Ni ba daɗewa zan yi a nan ba. Kaki zan sa.”

Na ɗauka wasa ne. Sai ta ba ni labari. Bayan rasuwar ubanta wani kamfanin gine-gine ya zo ya zagaye gonarsu da waya, ya ce an ba shi filin. Sun zo da masu kaki, kuma cikinsu akwai mace guda, gajera.

“Ko kafaɗata ba ta kai ba, Oga. Amma da ta ce a matsa, har mai unguwa sai da ya ja da baya, yana riƙe da hularsa. Mama tana magana, babu wanda ya kalle ta. Ran nan na san wanda ake ji a ƙasar nan.”

Hukumar da take son shiga, ɗaya daga cikin masu kayan sarki, ba ta ɗaukar wanda ya wuce ashirin da biyar. Ita tana ashirin da uku a lokacin. Ni mutum ne da in na ga abu zai yiwu ba na son ya kwana. Na saya mata takalmin kambas, na kai ta wurin Saje Yamusa.

Saje Yamusa mutumin Abaji ne, tsohon soja, wanda ya yi shekaru yana horar da kurata kafin ya yi ritaya. Gadi yake yi a wata firamare a Gwagwalada, kusa da shagon da nake ajiye doya. Bayan sallar asuba, kafin yara su shigo, yakan tara samarin da ke neman aikin ɗamara a filin makarantar ya yi ta gasa su. Gwiwarsa ɗaya ta lalace, shi ba ya gudu. Usur ne da shi, da wata sandar gora, da baki.

Ya dube ta daga sama har ƙasa. “Manniru, soja na ce ka kawo mini ko mai dako?”

“Gwada ta, Saje.”

Samarin suka fara. Wani dogo mai suna Sadisu ya ce, “'Yar Gwari, ina doyar? Ko yau hutu ne?”

Ta shiga layi. Saje ya busa usur. Zagayen farko tana tsakiyarsu. Na biyu tana gaba. Kafin a gama ta zagayo ta riski na bayansu, ta wuce Sadisu yana haki kamar tsohon babur.

“Sadisu!” in ji Saje. “Mace ta wuce ka, har ta waiwayo ta yi maka sannu! Ka koma gida ka taya uwarka tankaɗe!”

Daga ranar ta zama abin da Saje yake dukan samarin da shi. Takan biyo motar farko daga Kwali, ta yi gudu, ta yi tsallen kwaɗo, ta kwanta rub da ciki tana ɗaga jiki da hannu har sai Saje ya gaji da ƙirga, ta yi fareti, sannan ta koma kasuwa ta ɗauki doya. Abu ɗaya ne Saje yake mata faɗa a kai. In ya ce “Atenshan!” kafaɗarta ta dama takan zauna ƙasa da ta hagu.

“Ke! Ɗaga kafaɗar nan, ba a kasuwa kike ba!”

Sai ta ɗaga, ta tsaya daidai. Shi Saje ya ɗauka sabo ne kawai, irin na wanda ya saba tafiya a karkace.

Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, ni na kwashe su, ita da Saje da samarinsa, a a-kori-kurata zuwa filin tantancewa a bayan gari. Mu 'yan rakiya aka tsayar da mu a bayan shingen waya. Na ƙirga layin mata, sun haura ɗari uku, kuma an ce ba a son ko kashi ɗaya cikin goma. Aka fara da gudu. Christina ta zo ta ɗaya, ta biyun ba a ma hango ta ba tukuna. Saje ya dafa ni. “Ta shiga,” in ji shi.

Sai aka jera su da singileti da gajeren wando don duba jiki: ƙafa, gwiwa, haƙori, ido. Aka bar su a tsaye cikin rana, hannu a gefe, ana bi ɗaya bayan ɗaya. Layin da tsawo. Abin da mutum zai iya riƙewa na ɗan lokaci a filin firamare ba zai iya riƙe shi rabin yini ba. Ina kallo daga nesa kafaɗar ta riƙa sauka a hankali, ita ba ta ma sani ba. Wata jami'a ta iso bayanta da sanda, ta kwantar da ita a kan kafaɗun biyu. Sandar ta karkata, kowa ya gani.

“Wannan a karkace take. Fita.”

“Madam, ni ce na zo ta ɗaya a gudu.”

“Sukuwa kika zo? Kaki ba ya zama a jikin da ya gurɗe. Fita, kar ki ɓata mini lokaci.”

Sadisu, wanda ya zo na arba'in da wani abu a layin maza, an ɗauke shi.

Saje bai yi fushi da kowa ba sai kansa. A hanya ya ce maganin a fili yake: kafaɗar nan ta huta. Barin dako dai ba zai yiwu ba, da shi suke ci ita da uwarta. To ta koma ɗauka a ka, da gammo, kamar matan Hausawa, nauyi ya sauka a tsakiya. Christina ta ce sai dai shi ya faɗa wa Mama da bakinsa.

Muka je. Mun tarar da Magdalena a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kafaɗarta ta dama ta sauka sosai, fatar wurin ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Ta ba mu kujera, ta ba mu ruwa, ta saurari Saje har ya gama. Hausarta irin ta kasuwa ce, amma babu wanda bai fahimce ta ba.

“Saje, kai ka ɗauki kaya a kanka in kana so. Yarinya na ba zai ɗauka ba.”

“Mama, na ɗan lokaci ne. Da an ɗauke ta shi ke nan, ba dako ba itace.”

“Uwana bai ɗauka a kai ba. Kakana bai ɗauka ba. Ni zan zauna a kasuwa in ga Christina ya wuce da doya a kai, mata suna nuna ni? Gona sun ɗauke, na yi shiru. Yanzu kai kuma?”

Christina ta ce, “Mama, saura mini dama ɗaya tak. In ta wuce, shekaruna sun wuce.”

Tsohuwar ta ajiye gyaɗarta. Sannan ta ce, “Kafaɗa biyu Allah ya ba ki. Dama ya sauka saboda kaya. To sa wa hagu kaya. Shi ma zai sauka, su zama ɗaya.”

Muka dubi juna. Ni da nake aiki da sikeli kullum, na ga lissafin ya fita: in ba za ka iya ɗaga wannan gefen ba, ƙara wa wancan nauyi. Saje ya sosa gemu ya ce, “Mama, da soja kika shiga da kin yi kanar.” Aka yi dariya. Christina ta riƙa aza kaya a kafaɗa, uwarta ba ta ji kunya ba, Saje ya sami abin da zai auna. Kowa ya tashi da nasa.

Sai dai kafaɗar dama shekara goma sha shida ta yi tana sauka, tun ƙashi yana ɗanye. Ta hagu kuwa Christina tana so ta sauka kafin a sake buɗe ɗauka, kuma babu wanda ya san ranar. Don haka ta ce nauyi za ta ƙara ya biya mata shekarun. Ta fara da doya takwas, tana tafiya tana tangaɗi kamar mai koyo. Ta kai sha biyu. Ta kai sha huɗunta na da. Ta wuce, sha shida, sha takwas. Na ce mata ya isa, doyar ma tana faɗowa tana karyewa. Ta ce in cire a ladanta. Ranakun da ba kasuwa, sai ta tafi inda ake gini a Gwagwalada, lokacin ko'ina gini ake, ta yini tana hawa bene da buhun siminti a kafaɗar hagu. Da yamma Magdalena ta gasa mata wurin da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta ce, “Yana sauka. Na gani.”

Kuma tana sauka ɗin. Duk Asabar Saje yakan tsayar da ita cikin rana ya bar ta har ta manta da kanta, sannan ya lallaɓo ta baya ya kwantar da sandar gorarsa. Da farko yatsu uku yake cusawa kafin sandar ta miƙe. Ya koma biyu. Ya koma ɗaya. Ranar da sandar ta zauna ba yatsa, sababbin samarinsa suka yi ta tafi, shi kuwa ya busa usur har ya ƙware.

Akwai abubuwan da suka bayyana a tsakani. A fareti hannunta na hagu ya daina kaiwa inda na dama ke kaiwa.

“Christina, hagun nan barci take? In kawo mata bargo?”

“Gajiya ce, Saje.”

A kasuwa na ga ta tsuguna wata mata tana ɗaura mata ɗankwali. Na tambaye ta, ta ce sabon yayi ne, ita ba ta iya ba. Wata rana kuma na miƙo mata ruwa daga saman mota, tana tsaye ta gefen hagu, sai ta juya gaba ɗaya ta karɓa da dama. Na ce, “Mu je asibiti a duba.” Ta ce, “Oga, in na je za su ce in huta. In na huta za ta taso.” Ta ɗauki daronta.

Ba a sake buɗe ɗauka ba sai bayan kusan shekara biyu, saura 'yan watanni ta cika ashirin da shida. Fili ɗaya, waya ɗaya, sai dai mata sun ninka na wancan karon. A gudu ta zo ta biyu, wata yarinya 'yar sha tara ta sha gabanta. Aka jera su, aka bar su cikin rana. Saje ya riƙe wayar shingen da hannu biyu har ta yi masa shati. Wata jami'a, ba ta wancan karon ba, ta zo ta kwantar da sanda. Sandar ta zauna zam.

“Wuce.”

Christina ta juyo ta neme mu a cikin taro, ta yi mana murmushi. Saje ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya saki wayar, ya fara gaya wa na kusa da shi cewa ɗalibarsa ce.

Waɗanda suka wuce aka tara su gefe guda don a ga motsin gaɓoɓi. Abu ne mai sauƙi, har 'yan firamare suna yi: a yi tsalle a buɗe ƙafa, a tafa hannu a saman kai. Saje bai taɓa ɓata lokacinsa a kai ba, yakan ce wasan yara ne. Wani kofur ya ba da umarni. Hannaye suka tashi gaba ɗaya, aka tafa. Na Christina na dama ya tashi. Na hagu ya zo daidai kafaɗa ya tsaya. Ta sake tsalle, ta kwantar da kai tana neman ta sadu da shi. Bai wuce nan ba.

Kofur ya tsayar da kowa, ya zo gabanta. “Ɗaga.”

“Na ɗaga, Oga.”

Ya kama wuyan hannun ya tura sama. Shekara uku na san ta, na ga doya ta faɗo mata a ƙafa, na ga ƙusa ta huda mata takalmi, ban taɓa jin muryarta ta fita haka ba. Ta durƙushe.

“Me ya sami hannun?”

“Aiki ne.”

“Da wannan za ki sara wa manya? Da wannan za ki riƙe bindiga? Tashi ki fita.”

Muka shiga mota. Kafin mu kai Gwagwalada Saje ya buga ƙofa ya ce in tsaya. Ya sauka da gwiwarsa mai ciwo ya kama hanya da ƙafa, na yi ta kira bai waiwayo ba. Na kai ta har gida. Magdalena ta yanka kaza, ƙamshin miya har waje. Ta taso da sauri.

“Ya daidaita?”

“Ta daidaita, Mama,” in ji Christina. Ta wuce ɗaki ta ja labule.

Daga baya ta yarda muka je asibiti. Likita ya ce jijiyoyin kafaɗar sun yage tun tuni, sun warke a murɗe, an kuma ci gaba da aza musu kaya. Ya ce ko an yi aiki bai yi alkawarin hannun zai koma yadda yake ba. Ya koya mata wani abu: ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsu a hankali, safe da yamma. Da muka fito na tambaye ta abin da ya ce a ƙarshe.

“Ya ce in riƙa motsa jiki, Oga.” Ta yi wata dariya da ban so jin ta ba.

Dako ya ƙare mata. Hagu ba ta ɗauka, dama kuwa in ta aza kaya babu hannun da zai taimaka wajen saukewa. Na yi magana da mai kula da kicin a wani otal da nake kai wa doya a cikin birni, aka ba ta aiki a ɗakin motsa jikinsu. Tana goge injuna, tana naɗe tawul, tana cika tulun ruwan sanyi. Na leƙa ta sau da yawa. Injin gudu bakwai ne a jere gaban madubi, ga iyakwandishan, ga kiɗa. Matan manya da mazansu suna hawa su yi ta gudu a wuri ɗaya, su ɗaga ƙarfen da bai kai doya biyu nauyi ba, su yar a ƙasa ta zo ta mayar da hannu ɗaya. Ta ce wata hajiya ta taɓa kama damtsenta ta ce, “Ke wane tsari kike bi? Irin kafaɗun nan nake so, a miƙe.” Na ce me kika ce mata. Ta ce, “Na ce ta gode wa Allah da nata.”

Sadisu yana aiki a wani shinge a hanyar Lokoja, ya yi tumbi. In motar da Christina take ciki ta zo wucewa yakan leƙo ya ce, “A'a, gwanata! A bar su su wuce.” Ita takan kalli gaba. Saje ya aiko sau uku ta zo ta riƙa ja wa samarinsa gudu ranar Asabar, ƙafafunta ai lafiya lau suke. Ba ta je ba, shi ma bai zo da kansa ba. Magdalena har yau tana zuwa itace. Suna ɗaki ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, kuma maƙwabta sun ce ba su taɓa jin ɗayarsu ta ɗauko zancen ba.

Ranar kasuwar Kwali ta ƙarshe da na gan ta, hutunta ne, ta zo sayen barkono. Hadari ya haɗo ba zato, ruwa ya tsuge kamar da bokiti. Kasuwa ta watse, mata da tsofaffi da masu baro kowa ya zuba a guje yana neman rumfa. Ni ma na faɗa cikin mota. Na hango ta a tsakiyar hanya tana tafiya, ledar barkono a hannun dama, ruwa yana dukanta. Na sauke gilashi.

“Christina! Yi gudu mana!”

Ta dube ni, ruwa yana bin fuskarta.

“Na yi nawa gudun, Oga,” ta ce. Ta ci gaba da tafiyarta a hankali, har ta sha kwanar masu gishiri.